Yadda Ake Haɗa wa Ƙananan Yara Kayan Wasan Taɓawa da Abin da ke Cikin Gida

Ni mai ɗinki ce a nan Sakkwato, kekena kuma a tsakar gida yake. Duk matar da ta taɓa ɗinki da mai rarrafe a gindin keke ta san wannan: ki saya masa motar roba mai kuka da fitila, ya juya ta sau biyu ya jefar, ya rarrafo ya ɗauki guntun karan-miskin da almakashi ya yar, ya yi ta murzawa, ya shafa a kumatu, ya kai baki. Daga nan na fara tara ƙyallaye a wata tsohuwar ƙwarya. Na yi wa ɗiyana biyar, na yi wa na ƙannena, yanzu ga jikoki sun shigo layi.

Abin da ya kamata ki sani kafin ki fara kaɗan ne. Jijiyoyin da ke jin taɓi sun fi yawa a kan yatsu da leɓe da harshe, shi ya sa yaro ke kai komai baki tun yana wajen wata 4. Bincike yake yi, ba yunwa ko rashin ji ba. Wajen wata 9 zuwa 12 zai fara tsintar ƙaramin abu da babban yatsa da manuniya, kuma da yatsun nan ne gobe zai riƙe alƙalami a makarantar allo, ya ɓalle maɓallin rigarsa. Aikinki ki ba hannun abubuwa masu bambanci, ki tabbatar abin da ya shiga baki bai zama masifa ba. Rabin wannan rubutu a kan na biyun yake, don nan ne ake yin kuskure.

Kayan aiki

- Almakashi, allura, zare mai ƙarfi (na ɗinkin jaka ko na kitso), da basilla
- Tsohon faifai, ko kwali mai kauri, ko guntun katako da kafinta ya goge
- Farin gam irin na kafintoci. In babu, ƙaro da aka jiƙa ya kwana, ko sitaci da aka dama da kauri
- Rariya, baho ko faffaɗar ƙwarya, ludayi, moɗa, mazurari
- Tsohuwar tukunya da ba a girki da ita
- Gwangwanin madara guda, don awo kawai
- Tabarma ko tsohon zane na shimfiɗawa

Kayan taɓawa

Ƙyallaye iri-iri: karan-miski, shadda, atamfa, tawul, saƙi, guntun buhun algarara. In ba kya ɗinki, kowane tela zai cika miki leda, ya ma gode miki da kin rage masa shara. Sai soso na gargajiya, auduga, guntun tabarmar kaba, samfefa mai laushin ido, totuwar masara, ƙwallon mangwaro busasshe, goruba. Sai yashi, gero surfaffe, fulawa, gishiri, garin kwastad, garin kuka ko busasshen guro, kamar yadda muke ce wa kuɓewa.

Kada ki manta da fata. Muna zaune a garin jan akuya, wadda fatarta ta bi ayari ta tsallaka Sahara har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko, amma sai ki ga an saya wa yaro roba an bar ta. Dukawa suna da guntaye. Guntu ɗaya na ba yaro abu biyu, gabansa sumul, bayansa kuma da ɗan kaushi. Ki nemi wadda aka jeme da bagaruwa ba a rina ba. In rinanniya kika samu, goga ta da farin ƙyalle mai danshi. Ta yi zuba, a bar ta.

1. Tantancewa

Haɗa babban yatsanki da manuniya su yi zobe. Duk abin da ya ratsa zoben nan, ba a bar wa ɗan ƙasa da shekara 3 shi a sake. Masu gwada kayan wasa a Turai da Amurka suna da ɗan bututu mai faɗin santimita 3 da ɗoriya da suke wannan awo da shi, zobenki ya ɗan fi shi faɗi, kuma hakan ya fi. Wake, gyaɗa, ƙwallon dabino, maɓalli, duwatsun ado, tsakuwa, murfin lemo, duk sun faɗi. Goruba da totuwa da ƙwallon mangwaro sun ci.

Ina da dalilin tsananta wannan. Ɗan ƙanwata yana shekara 2 da rabi na zuba masa wake a faranti ya yi wasa, na juya in sauke tukunya. Kwana biyu bayan haka hancinsa guda ya fara wari da zubar majina. Ƙwayar wake ce ta jiƙa ta kumbura a ciki, sai a asibiti aka ciro ta. In irin haka ta same ki, kada ki sa tsinke ko ashana, kada ki ɗura ruwa, ƙara kumbura shi za ki yi ko ki tura shi ciki. A tafi asibiti.

Akwai abubuwan da ko a kusa ba na yarda da su. Ƙaramin batirin agogo da na fitilar wasa, wanda in yaro ya haɗiye yana ƙona maƙogwaro cikin sa'o'i kaɗan. Ƙwayoyin roba masu kala da ke kumbura a ruwa, waɗanda ake sa wa fulawar ado, domin haka suke kumbura a hanji. Buhun siminti da na taki, komai wankinsu. Irin shuka mai jan hoda ko ruwan hoda a jiki, wannan magani ne aka barbaɗa masa. Hatsin da aka adana da maganin ƙwari. Galura, bula, da gam mai warin fetur na masu gyaran takalmi. Ɓawon kuka yana da kyau a ido kamar karan-miski, amma gashinsa ƙaiƙayi ne da shi. Igiya ko zare kuma kada ya wuce taƙi ɗaya, saboda wuya.

Ƙasa ma a san inda aka ɗebo ta. A 2010 yara ɗaruruwa suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, maƙwabtanmu, saboda gubar dalma da ke cikin ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Ƙasar ba ta da wari, ba ta da wata alama. Kada a ɗebo yashi kusa da inda ake niƙa dutse, ko wurin masu gyaran batirin mota, ko bola, ko bakin kwata.

2. Tsabtace yashi da gero

Yashin gini na gulbi shi ya fi. Tankaɗe shi da rariya ki fitar da tsakuwa da gilashi da ƙaya. Zuba a bokiti, ki wanke, ki tsiyaye, ki sake, har ruwan ya daina yin ja. Yakan kai wanki 5 ko 6, ki yi haƙuri da shi, don ƙurar da kike fitarwa ita ce mai shiga ido da sa tari. Shanya a tabarma ya bushe ƙandas. Sai ki zuba a tsohuwar tukunya ki soya kamar yadda masu gyaɗa ke yi, kina juyawa, kamar minti 20. Yashi na riƙe zafi fiye da yadda ake zato. Samansa zai huce, cikinsa na nan da wuta, don haka ki baza shi ya kwana, ki tura hannunki har ƙasa kafin na yaro.

Gero kuwa surfaffe za ki ɗauka, a sheƙe, a wanke, a shanya. Wanda ba a surfa ba yana da ƙaiƙayi, kafin la'asar wuyan yaro ya yi rudu-rudu. In cikin jaka za ki ɗinke shi, ɗan soya shi sama-sama don kada ƙwari su ƙyanƙyashe a ciki.

A nan sai na tsaya kan maganar surukata, Allah ya jiƙanta. Ranar da ta ga jikanta yana dama gero a ƙwarya ta ce mini, "Ke ɗiyar nan, abinci ba abin wasa ba ne." Na so in yi musu a raina, amma gaskiyarta ce, balle yanzu da tiya ta yi tsada. Tun daga ranar, rabin tiya nake warewa, ba na rina shi, in ya tsufa kaji da tantabaru su cinye. Wadda zuciyarta ba ta kwanta da hakan ba, yashi zai yi mata duk abin da gero zai yi.

3. Faifan taɓawa (daga wata 6)

Shi nake fara yi wa kowane yaro, shi kuma ya fi daɗewa.

a. Wanke faifan da sabulu, ki shanya. Bi gefensa da yatsa, duk tsinken da ya fito ki yanke, sannan ki naɗe bakin da ƙyalle ki ɗinke.

b. Zaɓi abu 6, kowanne ki yanka shi girman tafin hannunki. Ƙananan yankuna ba su da amfani, yaro da tafi gaba ɗaya yake shafa kafin ya koyi aiki da yatsa.

c. Jera su biyu-biyu, kowanne kusa da kishiyarsa: karan-miski kusa da algarara, shadda kusa da soso, gaban fata kusa da tabarma. Wannan jerin shi ne dabarar. In kika sa atamfa kusa da yadi, ke kin ga kala biyu, hannun yaro abu ɗaya ya ji.

d. Kalmashe bakin kowane ƙyalle ciki don kada zare ya warware, ki ɗinke shi a jikin faifan da basilla, zagaye biyu, ki ƙulle ta baya.

e. Ja kowane yanki da ƙarfinki, kamar kina son cire shi. Abin da ya motsa a hannunki, haƙoran gaba guda biyu za su gama da shi.

In babu faifai, kwali ya yi. Haɗa biyu su yi kauri, ki huda da basilla ki ɗinke kamar dai faifan. Gam kaɗai ba ya riƙewa a garin nan. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙaro da sitaci suna bushewa su yi gautsi su ɓanɓare, da damina kuma su yi danshi kyankyasai su bi su. Gam na riƙe ƙyallen ne kafin allura ta zo. Kuskuren da na fi gani shi ne a shafa gam a barbaɗa shinkafa ko wake a ba jariri. Yana da kyau a hoto, kafin sati ya zagayo rabi na ƙasa, sauran na ciki.

Samfefa sai ya shekara 2, kuma mai laushin ido. Autata da ta fara taɓa shi ta janye hannu ta ce, "Inna, wanga na cizo." Har yau a gidanmu sunan samfefa mai cizo.

4. Jakunkunan lalube

Yanka ƙyalle iri ɗaya, kala ɗaya, murabba'i mai santimita 12, guda 16, za su ba ki jaka 8. Na ce iri ɗaya don kada ido ya taimaki hannu. Ɗinke gefe uku, ki juya, ki zuba abu ya kai kashi biyu cikin uku, ki ɗinke bakin sau biyu. Biyu yashi, biyu gero, biyu auduga, biyu ledar biskit da aka wanke aka dunƙule, mai ƙaras-ƙaras. In kika cika jaka tam, ta zama dutse, ba abin da zai motsa a ƙarƙashin yatsa.

Na yashi da na gero riga biyu nake musu, ta ciki da yadi mai matsattsen saƙa, ta waje wadda za a iya cirewa a wanke, don miyau zai jiƙa su. Wadda ba ta da keke ta yi ɗinkin hannu ƙanana-ƙanana, ta koma ta bi sawu. Wadda ko allura ba ta so ta sa a tsohuwar safa, ta ƙulle, ta juya ragowar ta rufe, ta sake ƙullewa.

Jariri zai matsa, ya jefa, ya ciza. Ɗan shekara 3 kuwa, ki zuba huɗu a rigar matashi, ki ba shi ɗaya a hannu, ki ce ya tura ɗaya hannun ya lalubo ɗan'uwansa ba leƙe. Da farko jaka biyu kawai za ki sa masu nisan bambanci, auduga da yashi. Gero da yashi su ne na ƙarshe, har manyan yara sukan faɗi a kansu.

5. Ƙwaryar tono (daga shekara 2, kina zaune)

Shimfiɗa zane, aza baho a tsakiya, zuba yashi ko gero zurfin yatsa huɗu. Binne goruba, totuwa, cokalin katako, ƙwallon mangwaro. Ajiye ludayi da moɗa da mazurari a gefe. Gwangwanin madara ba ya shiga nan, bakinsa na yanka.

Kwana biyu da yashi busasshe, rana ta uku ki yayyafa wa rabinsa ruwa ki bar rabi. Busasshe na zurarewa ta mazurari, jiƙaƙƙe ya ƙi, amma a kifa moɗa ya tsaya. Wannan tuwon ƙasa ne da muka yi a ƙofar gida, an dai tace shi an kawo inuwa. In an gama, a rufe bahon da murfi mai nauyi. Kyanwa na ɗaukar buɗaɗɗen yashi a matsayin makewayi, kunama kuma na son sanyin ƙarƙashinsa. Ko a rufe yake, ni nake fara dama shi da ludayi kowace safiya.

6. Ƙullin wasa

Awon da nake yi: fulawa gwangwani 2, gishiri mai laushi gwangwani 1, man gyaɗa cokali 2, ruwan lemun tsami cokali 1, tafasasshen ruwa gwangwani 1 da ɗan ƙari a gefe.

a. Haɗa fulawa da gishiri a roba. In gishirin mai tsakuwa ne, daka shi ya yi lukwi, in ba haka ba zai riƙa karce hannu.

b. Zuba mai da lemun tsami.

c. Zuba ruwan zafin kaɗan-kaɗan kina tuƙawa da muciya. Yara su yi nisa a wannan gaɓa. Ruwan zafi ne ke sa ƙullin ya yi danƙo ya miƙe, na sanyi yakan ba da abu mai tsinkewa.

d. In ya sha iska ki murza da hannu minti 5. Yana kama hannu, ƙara fulawa. Yana tsagewa, jiƙa tafinki ki ci gaba. Ki ba shi lokaci kafin ki ƙara komai, yawancin masu cewa ya yi ruwa ba su murza ya isa ba.

In babu lemun tsami, ruwan tsamiya da aka tace ya maye. Kala kuma a ruwan zafin ake sa ta. Zoɓo na ba da ja mai duhu, kurkur na ba da rawaya, sai dai yana kama tufafi, a sa wa yaro tsohuwar riga. In akwai manyan yara a gidan, ɗebi ruwan kurkur a kofi ki ɗiga masa ruwan kanwa su ga ya koma ja, ruwan zoɓo kuma ya rikiɗe ya yi duhu. Wannan kallo ne kawai, kanwa ba ta shiga ƙullin. Lalle ma ba na sa shi. Akwai yaran da ake haifa da wani rauni a jini wanda lalle ke iya fasa musu ƙwayoyin jini, kuma ba a gane su da ido.

Raba ƙullin uku. Ɗaya a bar shi sumul, ɗaya a murza masa yashi cokali 3, ɗaya a murza masa dusar da aka tankaɗe. Ba shi guntun tabarma da soso da totuwa ya danna ya ga sawunsu.

Gishirin na hana ƙullin lalacewa da wuri, yana kuma sa yaro ya tofar in ya ɗanɗana. Amma yawansa illa ne ga ƙaramin jiki, don haka mai haɗiye duk abin da ya samu ba a ba shi wannan. A tuƙa masa tuwon shinkafa ko na masara mai tauri ba gishiri, ya huce, ya yi wasansa, a zubar a ranar. Awaki da kaji ma kada su samu mai gishirin. Da hunturu kuma ki duba hannun yaro, in ya yi faso gishiri zai yi masa zafi, ki bari ya warke, ki riƙa shafa masa man kaɗe bayan wasa.

Wadda fulawa ta yi wa tsada ta je wurin maginan tukwane ta samo yumɓu. Ni a ganina ya ma fi, don abin da yaro ya gina yana bushewa ya tsaya, ya nuna wa babansa da dare.

7. Kwastad mai taurin kai, da yauƙi

Duk mai yin koko ta san yadda gasara ke yi in ta kwanta a gindin bokiti: ki sa ludayi da ƙarfi ta ƙi, ki ɗago a hankali ta zurare. Shi za ki haɗa da gangan. Garin kwastad gwangwani 2, ruwan sanyi gwangwani 1, ki zuba ruwan a hankali kina juyawa da yatsu. Garin ba ya narkewa, ƙwayoyinsa na yawo ne a ruwan, in an matsa su da sauri sai su cushe su yi tauri, in an sassauta su saki. Yaro zai dunƙula ya zama curi, ya buɗe hannu ya tsiyaye. Na ga magidanci da gemunsa ya zauna a kan wannan ya manta da shayinsa. In babu kwastad, gasarar masara da aka tsiyaye wa ruwa ta yi. Kada a zuba ragowar a magudanar ruwa, tana toshewa, a bari ta bushe a share.

Yauƙi ya fi sauƙi: garin kuka ko na guro cokali 2 a ruwan ɗumi moɗa 1, a kaɗa da maburgi. Ba kanwa, ba yaji, kuma a tabbatar kwanon da maburgin ba su taɓa barkono ba. A yi shi a kan ƙasa, don a siminti santsi zai kayar da yaro. A zubar kafin dare.

Ruwa kuwa, ko zurfin yatsa biyu ne a baho, ba a barin yaro da shi a je buɗe ƙofa. Ki ɗauke shi ku tafi tare. Mai sikila ba a yi masa wasan ƙanƙara ko ruwan randa mai sanyi, sanyi na iya tayar masa da ciwo. Ruwan ɗumi, kuma a goge shi da wuri.

8. Haruffan yashi (daga shekara 3 da rabi)

Wata likita 'yar Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta ta farko a Roma a 1907, ita ta shahara da haruffan samfefa da yaro ke bi da yatsa kafin ya riƙe alƙalami. Ni da yashi nake yi. Yanka kwali kamar ƙaramin allo, rubuta harafi ɗaya babba da fensir, tsawon taƙi, bi shi da farin gam kaurin yatsa, barbaɗa yashi, bari ya kwana, kaɗe. In ya yi ƙwalƙwal a wani wuri, ƙara gam da yashi. Sa ɗigo a inda ake fara rubuta harafin.

Nakan yi na boko da na Larabci, don yaron da zai shiga babbaƙu ya je hannunsa ya riga ya san hanyar alif da ba, daga dama zuwa hagu. Haruffa kawai nake yi ɗai-ɗai, ba aya ba, ba sunan Allah ba, tunda abu ne da zai faɗi ƙasa a taka. A na boko kada ki manta da ɓ, ɗ, ƙ, lanƙwasar kansu na da daɗin bi. Uku a lokaci guda sun isa. Kusa da shi ki ajiye faranti da yashi ɗan siriri, ya bi na kwali, ya zana a faranti, ya girgiza ya goge.

9. Zama da yaro

Da hantsi kafin rana ta buɗe, ko bayan la'asar. Minti 10 zuwa 15 sun ishi ɗan shekara 2, in ya tashi a ƙyale shi. Abu ɗaya ko biyu ake fitowa da su, in kika baje duka zai tattake ne kawai.

Ki yi magana, amma kada ki mai da abin jarrabawa. Yana shafa fata ki ce "sumul", yana matsa auduga ki ce "tuɓus", yashi "garas-garas", ƙyalle jiƙaƙƙe "sharkaf", kuka "yauƙi". Hausa ta tara irin waɗannan kalmomi, kuma ba a koyon su da bayani. Wa zai iya fassara wa yaro "lukwi" in ba a sa masa gari a hannu ba? Na lura yaranmu na yanzu sun san sunan kala da Turanci, amma kaushi da gautsi da sulɓi duk "ba daɗi" suke ce musu.

Wani yaron zai ƙi taɓa abu mai danƙo, ya ɗaga hannu sama kamar an ce wuta ce. Kada ki kama hannunsa ki tura, kada a yi masa dariya. Ba shi ludayi ya taɓa da shi, ke ki sa naki hannun yana kallo, ki ajiye ruwan wanke hannu inda zai gani. Ɗana na biyu sai da ya yi kusan wata yana zungurar ƙulli da tsinken tsintsiya kafin ya sa yatsa. Amma in yaro na ƙara da kowane taɓi, yana ƙin tufafi da wanka, ga magana ta yi jinkiri, ki faɗa wa ma'aikatan lafiya. Ranar rigakafi kuma ki roƙi malamar asibiti ta nuna miki da hannu yadda ake kifa jariri a buga bayansa in abu ya shaƙe shi. Da gani ake koyonsa.

10. Adanawa

Ƙullin gishiri a leda, a cikin roba mai murfi, a gindin randa. A bazara yakan yi mini kamar sati, a firji ya fi haka. Da hunturu bushewa yake, a murza da jiƙaƙƙen hannu ya dawo. Da damina gishirin na jan danshi ya yi caɓal, a ƙara fulawa. Ya canza wari ko ya yi ɗigon baƙi, a binne shi inda dabba ba za ta tono ba.

Faifai da jakunkuna a rataye su a ƙusa cikin jakar yadi, sama da inda ɓera da gara ke kaiwa. Ranar Juma'a da safe, kafin in hau keke, nakan sauke su in bi kowane ɗinki da farce, in matsa jakunkunan a kan farin faranti. In na ga ƙwayar gero ko ɗaya a farantin, jakar ba ta koma hannun yaro sai na farke ta na sake mata rigar ciki.